Wai Baba Mai Faci Bai Bar Komai Ba

Rana ta uku ce ta zaman makoki. Muna zaune kan tabarmi a ƙofar gidan mamacin, can wajen Ƙofar Rini, a inuwar dogon yaron da ya yi shekaru yana sana'arsa a gindinsa. Masu gaisuwa suna zuwa, a yi addu'a a shafa, su tashi wasu su zauna. Sai wani bawan Allah da ke gefena ya sunkuya ya ce wa na kusa da shi:

"Allah sarki Baba. Shekara nawa shina faci wurin ga, ko hili bai saya ba. Ya tahi bai bar komi ba, awa bai zo duniya ba."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Tausayi ne ma a muryarsa, kuma wannan ya fi komai damuna. Da zagi ne da sai in ce halinsa ne. Amma mutumin kirki ne ya auna rayuwar wani mutumin kirki, ya ga ba ta kai komai ba, na kusa da shi kuma ya gyaɗa kai. Ban tanka ba, don wurin makoki ba wurin musu ba ne. Sai dai maganar ta bi ni har gida, ta kwana da ni.

Ni ban yarda ba. Ban yarda cewa fili da mota da suna su ne ma'aunin ko mutum ya rayu ko bai rayu ba. Abin da ke ba rayuwa nauyi shi ne abin da mutum ya nufa da aikin da ke hannunsa, komai ƙanƙantarsa, da kuma yadda ya karɓi ɗan daɗin da Allah ya ajiye masa a cikin yininsa. Mun ɗauko wani ma'auni da ba namu ba, muna ta auna junanmu da shi, kuma yana cin zukatan 'ya'yanmu.

Randa

Duk wanda ya yi bazara a Sakkwato ya san abin da ake kira ƙishirwa. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, iska ta riƙa busowa kamar daga bakin tanda, kwalta ta yi laushi, tsuntsu ma ya buɗe baki a kan reshe. A irin wannan lokacin ne za ka san darajar abin da Baba ya ajiye a gefen bencinsa.

Randa ce babba ta ƙasa. Ya tara mata rairayi a gindi, kullum yana jiƙa shi, ya naɗe ta da tsohon buhun algarara wanda shi ma ba ya bari ya bushe. Murfinta faifai ne da ya ɗora wa dutse. Moɗa biyu ne, kowace an ɗaure ta da igiya a jikin itacen. Da asuba, kafin ya fito da famfon iska da kwanon ruwan gwajin taya, sai ya juye ragowar ruwan jiya a gindin dogon yaron, ya zura hannu har kafaɗa ya cuɗe cikin randar, sannan ya tsayar da ɗan ga-ruwa ya sayi jarka biyu da kuɗinsa. Ruwan nan kafin azahar ya yi sanyin da har haƙori yake ji.

'Yan kabu-kabu suna sha. Almajirai suna sha. Matan ƙauye masu tallar nono suna sauke ƙwarya su sha. Na taɓa ganin mai babbar mota ya tsaya a yi masa iska, ya waiga hagu da dama, shi ma ya ɗauki moɗa.

Wata rana, bayan an cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi har da kuɗin jarka, na ce masa, "Baba, wannan hidima ba ta yi maka yawa ba kuwa?"

Bai ɗago daga tayar da yake gogewa ba. Ya ce, "Ɗana, ni ba ni da abin hidda zakka. Amma ina da ruwa."

Shi ke nan abin da ya ce. Wannan mutumin ne aka ce kamar bai zo duniya ba.

Daga ina muka samo wannan mudun?

Ku saurari hirar samari a teburin mai shayi. "Wane ya fashe." "Wane ya kama ƙasa." "Wane har yanzu yana nan jiya i yau." Ku duba wayoyinsu, za ku tarar da wani yana daka musu tsawa cewa wanda ya kai shekara talatin bai mallaki kaza da kaza ba ya yi asarar rayuwa. Yaron da ya gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yana koyarwa a wata makarantar unguwa, yana ciyar da mahaifiyarsa daga ɗan abin da ake ba shi, sai ka ji yana cewa shi bai fara rayuwa ba tukuna. To yaushe za ta fara? Shekarun da yake ciki yanzu na wane ne?

Abin mamaki shi ne a garin nan ake wannan magana. Muhammadu Bello ya kafa birnin nan a 1809. Mun san sunansa, mun san na mahaifinsa, muna ziyartar Hubbare. Amma wa ya san sunan waɗanda suka kwaɓa ƙasar ganuwa, suka ɗauko ruwa daga gulbi a ka? Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru. Jagororinsu, waɗanda ake kira jaji, dattijan mata ne da ke takowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu mata. Yawancinsu ba wanda ya riƙe sunansu, amma karatun ya isa inda aka aika shi. Majeman garin nan sun jeme fatar jar akuyar Sakkwato, fatake suka ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko. Ko sunan garinsu bai bi ta ba, balle nasu. Za mu ce duk waɗannan ba su zo duniya ba?

Yaron da ya shiga makarantar Islamiyya, cikin hadisan farko da zai haddace akwai wanda Sayyidina Umar ya ruwaito, cewa ayyuka suna tare da niyya, kuma kowa yana da abin da ya nufa. Da shi Imamu Buhari ya buɗe littafinsa. Mun haddace shi da Larabci, muna rera shi, sai muka kulle shi a cikin alwala da azumi. Mun manta cewa ya shafi mai faci da mai ɗinki da ma'aikacin ofis da uwar da ke tuƙa tuwo. Mutum biyu za su wuni suna aiki iri ɗaya, ɗaya ya tashi da gajiya kawai, ɗaya ya tashi da gajiya da lada da natsuwa. A ido ba ka ganin bambancin. A zuciyar mai aikin kuwa kamar sama da ƙasa ne.

"Ku ne masu kwantar da talaka"

Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Wani abokina ya faɗa mini ita gaba da gaba. Ya ce, "Malam, irin wannan magana taku ce ta sa muke inda muke. A ce wa talaka ya yi haƙuri, ya gode, ya ji daɗin ruwan randa, su kuma manya su kwashe kuɗin famfo. Me ya sa tun farko unguwar ba ta da ruwa har sai mai faci ya saya?"

Tambayarsa ta ƙarshe gaskiya ce tsantsa. Gari yana zaune a mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ga madatsar Goronyo a sama, amma unguwanni da yawa da ɗan ga-ruwa suka dogara. Wannan abin a yi magana ne, a kuma yi ta yi har a ji.

Inda muka rabu da shi shi ne zaton cewa wadatar zuci ita ce ke rufe baki. Ni abin da na gani akasin haka ne. Ku tuna abin da ya faru a Magami, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ranar idi ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu bai karɓi dukiyar ba. A maimakonta ya nemi abubuwa biyar, cikinsu har da a saki waɗanda ke tsare, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Da idonsa yana kan zinariyar, da bakinsa bai iya furta wannan ba. Wanda bai ƙwallafa rai ba shi ne yake iya kallon mai mulki ido da ido.

Wa ake saye ranar zaɓe da taliya da sabulu da 'yan dubbai? Wa ke bin motar ɗan siyasa yana kirari har muryarsa ta dushe? Wanda aka cusa wa cewa shi ba kowa ba ne sai ya samu, ko ta wace hanya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata, kuma shi ne mabuɗin da azzalumi yake buɗe mu da shi. Saurayin da ya yarda cewa rayuwar mahaifinsa manomi asara ce, shi ne mafi saukin ja zuwa bangar siyasa, ko damfara ta waya, ko abin da ya fi su muni.

Kuma kada a fahimce ni a karkace. Ban ce kada a nema ba. Abdurrahman bin Auf da ya isa Madina ba shi da komai, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Ku nema, ku yi gini, ku sayi fili. Zan ma ƙara da abin da ya fi wannan ɗaci: rashin filin nan na Baba ba ƙaramin abu ba ne ga matarsa da ke cikin gidan haya yanzu. Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas cewa ya bar magadansa da wadata ya fi ya bar su suna roƙon mutane. Da Baba ya samu ya bari, da ya fi. Amma "bai bar fili ba" magana ce daban, "bai bar komai ba" magana ce daban. Ta farko labari ce, ta biyu hukunci ne, kuma hukuncin zalunci.

"Ai niyyata mai kyau ce"

Akwai masu cewa maganar niyya mafaka ce ta malalata da maha'inta. Suna da hujja. Kowa ya taɓa haɗuwa da wanda ya ɓata masa aiki, ko ya cinye masa amana, sannan ya dafa ƙirji ya ce Allah ya ga zuciyarsa.

Wannan ba niyya ba ce, kwaskwarima ce. Niyyar gaskiya tana fitowa a hannu. Baba idan ya gama faci sai ya hura, ya tsoma a kwanon ruwa yana juyawa a hankali yana neman kumfa, ya zagaye sau biyu ko da mai babur yana ta ƙorafin sauri. Yakan ce mutum zai ɗauki iyalin wani a kan tayar nan. Wanda ya jera manyan albasa a bakin buhu ya cusa ruɓaɓɓu a tsakiya, ko ya wuni yana ambaton kyakkyawar niyya, buhun ya riga ya ba da shaida. Annabi (SAW) ya taɓa zura hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Bai tambayi mai kayan me ke zuciyarsa ba.

Fuskar shanu ba ita ce tsoron Allah ba

Sai ɗaya ɓangaren, kuma da su nake son in ɗan daɗe, don 'yan'uwana ne na kusa. Su ne masu ganin duk wani jin daɗi gafala ce. Idan ka yi dariya da ƙarfi su tuna maka kabari. Idan ka yaba daɗin abinci su ce duniya ta ɗauke ka. Gidajensu shiru, da sallamar maigida yara sun nutsu kamar an yi ruwa an ɗauke.

Tuna mutuwa wajibi ne, mu da muka fito daga makoki mun fi kowa sani. Amma a ina aka ce mai tuna mutuwa ya daina jin sanyin ruwa? Salmanul Farisi ya ziyarci Abu Darda ya tarar ya yi watsi da iyalinsa da barcinsa saboda ibada. Ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. A cikin wancan hadisin na Sa'ad kuma aka ce har lomar da mutum ya sa a bakin matarsa yana da lada a kanta, in ya nufi Allah da ita. Loma fa. Wasa da dariya tsakanin miji da mata a kan akushi.

To ni ina ganin rashin lura da ni'ima shi ne gafalar da ta fi yawa a cikinmu. Ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas bayan watanni ana gasuwa, iska ta juya ta yi sanyi, ɗigon farko ya faɗi a kan ƙasa ƙamshinta ya tashi, yara suka fito tsakar gida suna tsalle, wa ya biya kuɗin wannan? Fura da nono mai kauri a cikin ƙwarya da tsakar rana, ludayi yana kai da kawo tsakanin mutum uku. Kankana mai sanyi bayan la'asar. Ka bi ta Kwalkwalawa da rani, ko'ina ya bushe ƙurmus, sai ga fadama kore shar da albasa da tattasai, masunta suna jan taru. Jikarka ta karanta maka Fatiha karon farko, tana tuntuɓe a wuri ɗaya, ta koma ta gyara da kanta. Wanda ya wuce duk waɗannan bai ce Alhamdulillahi daga cikin ransa ba, don hankalinsa yana kan abin da bai samu ba, ko don yana ganin murmushi rage daraja ne, ya yi asarar da ba fili da zai maye ta.

Baba yana da nasa rabon a nan. Bayan magariba yakan jingina da itacen, ya kunna 'yar rediyonsa da ya ɗaure da roba yana sauraren Rima, kofin shayi a gefe, jikokinsa suna hawa bayansa suna sauka. Idan ka gaishe shi a lokacin, amsar da zai ba ka ita ce, "Sai godiya, ɗana." Na ji mutane da yawa suna faɗin haka da baki. Shi har fuskarsa take faɗa.

A wannan halin da ake ciki?

Saura tambaya ɗaya, wadda ni kaina na yi wa kaina kafin in ɗauki alƙalami. Da wane ido mutum zai zauna a cikin birni yana rubutu kan daɗin fura, alhali a Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo akwai garuruwan da 'yan bindiga suka hana noma, suka kore dabbobi, suka raba mutane da gidajensu? Ga su nan muna gani a cikin gari, mata da yara a kangaye da gidajen dangi.

Wata dattijuwa daga cikinsu takan shigo gidanmu. Wata rana mai ɗakina ta tambaye ta abin da ta fi kewa. Na zaci za ta ce shanu, ko rumbunan da aka ƙone. Sai ta yi shiru, sannan ta ce:

"Ɗiyata, ni dai in kwana ɗakina, in ji carar zakarana, in tashi in share tsakar gidana."

Ba ta ce komai kan dukiya ba. Abin da aka ƙwace mata shi ne ainihin ƙananan abubuwan nan da mu muke takawa mu wuce. Annabi (SAW) ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne. Aminci ya fara ambata. Saboda haka sanin darajar shara da carar zakara ba ya sa a manta da mutanen gabashin Sakkwato. Shi ne ma yake sa ka gane girman abin da aka yi musu, ka ji zafin da ya kamata ka ji, ka ƙi yin shiru a gaban waɗanda Allah ya ɗora wa nauyin tsare su. Wanda ma'auninsa fili da mota ne, idan aka kori ƙauye guda sai ya ce ai dama ba su da komai. Maganar makokin nan ce dai, ta sake riga.

Makon jiya na bi ta wurin. Ɗan Baba na biyu ne ke kan bencin yanzu, hannunsa bai kai na tsohon ba tukuna amma yana zagaya tayar sau biyu a cikin ruwa. Randar ta tsage ta gefe, ya liƙe ta da siminti. Ina tsaye sai ga wani ɗan kabu-kabu ya faka, ya ɗage faifan, ya cika moɗa ya shanye, ya ƙara. Ya goge baki da bayan hannu ya ce, "Ina Baba? Kwana biyu ban gane shi ba."

Yaron ya gaya masa.

Mutumin ya tsaya da moɗar a hannu. Ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya maimaita. Sai ya kashe babur ɗin, ya zauna a ƙarshen bencin ya ɗaga hannu. Wata mata ta zo tana tambaya ko zai je Tsohuwar Kasuwa, ya girgiza mata kai.